Yadda Ɗan Katolika Zai Ba da Shaida da Halinsa a Damagaram, Mataki-Mataki

Tambayar da aka fi yi mini, a ƙofar coci bayan Misar Lahadi ko a waya da dare, ita ce wannan: an ce kowane mai baftisma ɗan aike ne, to mu da muke zaune a Damagaram, inda gidanka kaɗai ne na Kirista a layi duka, ta ina za mu fara? Mai tambayar yawanci sabon zuwa ne. Ma'aikaci da aka turo daga Yamai, ko ɗalibin jami'ar André Salifou, ko 'yar'uwa da aure ya kawo ta daga Benin ko Togo. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, shi ya sa na zauna na jera abin da na ga yana gyara zama da abin da na ga yana ɓata shi. Zan riƙa cewa "ka", amma har da mata nake, kuma inda aikinsu ya bambanta zan faɗa.

Ka riƙe abu ɗaya tun yanzu. Mutumin Damagaram yana jin warin alherin da aka ɗana masa kamar tarko tun daga nesa. In niyyarka ita ce ka ba da tuwo don a biyo ka coci, ajiye wannan jagora, ba za ta yi maka amfani ba.

1. Biya bashin da ake bin ka

Kafin ka kai wa kowa komai, ɗauki takarda ka rubuta duk wanda yake bin ka: mai shagon bakin layi, garuwa, tela, mai gidan haya, yarinyar da ke taya matarka aiki. Ka biya, ko ka je da ƙafarka ka faɗi ranar da za ka biya, ranar kuma ta zo ka cika. Mutane suna tsallake wannan mataki saboda ba shi da daɗi, alhali kuwa duk sauran a kansa suke zaune. Wanda garuwa ke bin kuɗin bido goma, ko ya raba buhun shinkafa ranar Nowel, wato Kirsimeti, sunansa a unguwa "mai cin bashi" ne, kuma abin takaicin shi ne ba a ce wane, a kan ce "Kiristan nan".

Haka wajen aiki. Malamin lakwal ya shiga aji kan lokaci, makaniki kada ya sa tsohon ƙarfe ya ce sabo ne, mai sayar da hatsi ya cika tiya.

Gargaɗi: bolar gidanka tana magana. Kwalaben giya da aka jibge a ƙofa, kiɗa mai ƙarfi lokacin kiran salla, kare da aka sake yana bin yara masu zuwa makarantar allo, kowane ɗaya daga cikinsu ya isa ya shafe shekara guda ta kirki.

2. Gaisuwa, har sai an san muryarka

Ba ya cin ko dala. Lokaci yake ci, kamar minti goma sha biyar da safe, da kuma wasu da yamma. Ka fita da wuri kaɗan don kada gaisuwa ta zama ta kan babur, ɗaga hannu ka wuce. Tsaya, sauka, tambayi kwana, gajiya, iyali, sanyi ko zafi, sannan ka jira amsa. Dattijo a rage tsawo a gaishe shi, a ce Baba ko Malam ko Alhaji, tsohuwa kuwa Inna ko Hajiya. Cikin wata guda ka san sunan kowane mai gida a layinku da sunan babban ɗansa.

Mutum biyu ne za ka je wa takanas cikin makon farko: mai unguwa da limamin masallacin da ya fi kusa da kai. Ka gabatar da kanka, ka faɗi aikinka, ka faɗa da bakinka cewa kai ɗan Katolika ne. Kada ka bari su ji a bakin yara. Ɗan goro ko fakitin shayi ya isa, ba a zuwa da abin da zai sa a yi zaton kana sayen wani abu.

Matasa, ku zauna a fada, wato majalisar shayi ta samarin unguwa. Shayi uku ne, kada ka sha na fari ka tashi. Ka kawo sukari ko gawayi ran da abin ya zagayo kanka.

Gargaɗi: namiji kada ya miƙa wa matar wani hannu, kuma kada ya kutsa gidan da akwai matan aure ba tare da an yi masa iso ba, a tsaya a ƙofa a yi sallama, a aika yaro. Wasu ba sa son amsa "salamu alaikum" daga wanda ba Musulmi ba. In ka lura da haka kada ka ji haushi, "ina kwana" da "ina wuni" namu ne duka.

3. Ware kuɗin, ka san iyakarsa

Mai niyyar kirki da ba shi da lissafi, wata uku yake yi ya fara ɓuya wa mutane. Ni ambulan na wasiƙa nake da shi, duk ƙarshen wata in sa jika uku a ciki, ran da hali ya yi in sa biyar. Daga ciki nake fitar da dala ɗari ta barka, jika guda ta ta'aziyya in gidan na kusa ne, kuɗin kabu-kabu zuwa likita, sabulu, sukari. Wanda albashinsa bai kai nawa ba ya sa dala ɗari biyu, ba gasa ake yi ba. Idan ambulan ya ƙare, ya ƙare, sai ka ba da ƙafa da hannu.

Abin da ya fi ƙarfinka, kamar aikin tiyata ko kuɗin makarantar marayu, kai maganar ga firist, wato limamin coci, ko kwamitin taimako na coci. Su ne suka san ko CADEV, wato Caritas ta Nijar, ƙungiyar agaji ta Katolika, tana da wata hanya.

Gargaɗi: kada ka yi alkawari da sunan coci. "Zan faɗa musu" daban, "za su ba ka" daban. Kuma ka raba kyauta da rance tun a baki. In ka san ba za a iya biya ba, ba da rabin abin da aka nema ka ce kyauta ce, ya fi a riƙa canza hanya in an hango ka.

4. Ruwa da ƙanƙara

Duk wanda ya yi Afrilu da Mayu a garin nan ya san ba abin da ya kai ruwa daraja. Famfo yakan yi kwanaki bai zo ba, in ya zo ma tsakar dare ne, kuɗin bido kuma ya hau. Idan kana da tanki ko famfon gidanka yana samu, ga tsari: sa lokaci guda, misali bayan asuba zuwa ƙarfe bakwai, ka fara da gidajen da ke da tsofaffi, masu jego da marasa lafiya, bido biyu kowane gida. Randa a ƙofar gida da moɗa mai tsabta, don almajirai da masu wucewa, ita ma aiki ce babba. A wanke ta kullum, a rufe.

Mai firji kuwa, ya ƙulla ƙanƙara a leda. Lokacin da azumi ya faɗo cikin zafi, ƙanƙara biyu da aka aika wa maƙwabci kafin magariba ta fi dogon jawabi.

Gargaɗi: garuwa da wannan sana'a yake ciyar da iyalinsa. In ka buɗe famfo ga kowa ba iyaka, ka kashe masa kasuwa, takardar ruwa kuma ta kashe ka. Shi ya sa na ce a sa lokaci da adadi.

5. Ciwo, mutuwa, suna

A nan ne ake sanin maƙwabci, don haka zan daɗe a kai.

Ciwo. A likita dangi ne ke jinya, su ke kawo abinci, su ke sayen magani. Ka tambayi mai jinya abin da maras lafiya ke iya ci kafin ka dafa. Sau da yawa kunu ne ko fura mai sauƙi, ba shinkafa da miya ba. Ka zauna kaɗan, kada ka wuce minti goma in ba an riƙe ka ba. Taimakon da ya fi amfani shi ne ka karɓi takardar magani ka je farmasi da kanka, ko ka tsaya wa mai jinya awa biyu ta je gida ta yi wanka. Da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke ƙarar da jinin yara, mai lafiya ya ba da jini. Ba a tambayar addinin jini, kuma kyauta ce da ba ta taɓa ambulan ɗinka.

Gargaɗi: kada ka ɗora hannu kan maras lafiya Musulmi ka fara addu'a da ƙarfi, kada ka yayyafa masa ruwa mai albarka, kada ka tura masa carbinmu ƙarƙashin matashi. Mutumin da ke kwance ba ya iya ce maka a'a, wannan kuwa ya isa dalili. Ka ce "Allah ya ba da lafiya", sauran addu'ar ka yi ta a ɗakinka.

Mutuwa. Ba a jinkirta jana'iza, wanda ya rasu da safe kafin azahar ko la'asar an kai shi. Da ka ji, bar abin da kake yi. Fitar da tabarmi, benci, tampol na inuwa, ruwan sha, tun kafin a roƙa. Lokacin sallar gawa ka koma gefe ka tsaya shiru, ba a sahu ba. Maza suna iya raka gawa maƙabarta. In an bar ka ka sa hannu wajen miƙa ƙasa ko itace to, in ba a bari ba ka tsaya baya. Mata ba sa zuwa maƙabarta, aikinsu yana cikin gida: ɗebo ruwa, dafa abinci, riƙe yara. Kalmomin kaɗan ne: "Ya haƙuri?", "Allah ya jiƙansa", "Allah ya ba ku haƙuri". Ka zauna a zaman makoki ko da rabin awa ne, kwana uku a jere in gidan na layinku ne.

Abin da yawancin mutane ke mantawa shi ne bayan arba'in, lokacin da tabarmi suka koma gidajen masu su, baƙi suka watse. A nan ne tiyar gero biyu da aka aika wa mai takaba ta hannun matarka ke da nauyi. Rubuta ranar a wayarka don kada ka manta.

Suna. Rana ta bakwai ne, da sassafe. Wanda ya zo ƙarfe tara ya tarar an watse. Mata su kai barka tun kafin ranar, sabulu ko zane. 'Yan'uwa mata, ku sani biki ramawa ake yi: abin da kika kai an rubuta shi, ran da kika haihu za a dawo miki da shi har da ƙari. Kada ki ce "a'a, ni don Allah na yi". Karɓi. Wanda ke bayarwa kullum amma ba ya karɓa, ya mai da maƙwabtansa almajirai.

6. Azumi, salla da Nowel

Da azumi kada ka ci ko ka sha a bainar jama'a da rana, ka koya wa yaranka haka. Sukari ko dabino a farkon wata, "barka da shan ruwa" da magariba. A 2025 azuminmu na kwana arba'in ya haɗu da Ramadan, Larabar Toka, ranar da muke fara azumin, ta faɗo 5 ga Maris, kwanaki kaɗan bayan sun fara. Mutane da yawa a lokacin ne suka fara jin cewa mu ma muna azumi, don sun ga toka a goshi sun tambaya.

Da babbar salla, bayan an gasa raguna a jikin itace kewaye da wuta, washegari yara za su shigo da nama. Karɓi da hannu biyu, ka ba yaron barka da salla, ka ci. Mayar da naman layya zagi ne da ba a mantawa.

Ranar Nowel da Ista kai ma ka aika. Ga sharuɗɗan: Musulmi ne zai yanka dabbar, a gaban idon mutane in da hali, ko ka sayi naman wurin mahauci a kasuwar Dole. Tukunyar da ta taɓa naman alade ko giya kada ta kusanci wannan girki. Yaron da ka aika ya faɗa a ƙofa cewa Malam wane ne ya yanka.

A nan na taɓa yin kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Shekarata ta biyu a unguwa, na aika wa wani dattijo tela da ke kallon gidana shinkafa da kaza, sai na manna ɗan hoton haihuwar Yesu mai addu'a a baya a kan murfin kwanon. A ganina ado ne. Da la'asar jikarsa ta dawo da kwanon, abinci ba a taɓa ba, hoton an naɗe shi cikin takarda mai tsabta an ɗora a sama. Da na je, bai ɗaga kai daga keken ɗinki ba, ya ce, "Ɗana, in abinci ka kawo, kawo abinci. In wa'azi ka kawo, zo da bakinka mu zauna." Shekara guda cur na yi kafin kwanona ya sake dawowa babu komai a ciki.

Gargaɗi: waya ta zauna a aljihu. Hoton mabukaci yana karɓar kaya da aka sa a Facebook ko WhatsApp tozarci ne, kuma Matta sura 6 ta riga ta hana mu: hagu kada ta san abin da dama ta bayar.

7. Idan an tambaye ka

Za a tambaya, in ka yi haƙuri. Yawanci a fada ne, ko a kan hanyar dawowa daga maƙabarta. "Ku ma kuna salla?" "Me ya sa kuke cewa Allah uku?" "Me ya sa limamanku ba sa aure?" Wasiƙar Bitrus ta fari, sura 3, ta ce mu kasance a shirye mu ba da amsa, amma da tawali'u da ladabi. A aikace ga yadda nake yi: amsa gajeriya, jimla uku ko huɗu, a kan abin da muka gaskata, ba tare da taɓa abin da shi ya gaskata ba. Allah ɗaya muke bauta wa, in faɗa a sarari. In tambayar ta fi ƙarfina in ce zan tambayo katikis, wato mai koyar da addini a coci, in kuma dawo da amsar.

Yana da kyau ka san cewa girmama Musulmi koyarwar Ikilisiya ce, ba dabarar zaman baƙunta ba. Babban taron Vatican na biyu ya rubuta haka a 1965, Paparoma Francis kuma ya sa hannu tare da Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, kan takardar 'yan'uwantaka a Abu Dhabi ranar 4 ga Fabrairu 2019. Charles de Foucauld, wani firist Bafaranshe, ya zauna cikin Abzinawa a Tamanrasset ta Aljeriya har aka kashe shi a 1916, bai tara mabiya ba a rayuwarsa, duk da haka a 2022 aka ayyana shi waliyyi.

Gargaɗi: ka bambance mai tambaya da mai neman gardama. In an tara mutane, an fito da waya ana ɗauka, ko an ce "to me ka ce game da Annabi?", ka ce kana girmama abin da suke girmamawa, ka nemi izini ka tashi. Babu wanda ya taɓa cin gardamar addini a fada ya koma gida da aboki.

8. Idan wani ya ce yana so ya bi

Kada ka yi tsalle, kada kuma ka yi shela. Saurara, ka tambaye shi ko ya san abin da zai iya fuskanta wajen dangi, aure da gado. Sannan ka haɗa shi da firist, in ya yarda. Ba kai ke karɓar mutum ba. Ikilisiya tana da hanyarta ta koyon bangaskiya wadda ke ɗaukar shekaru kafin baftisma a daren Ista, kuma Damagaram tana ƙarƙashin dayosis ɗin Maradi, wato yankin da bishop ɗin Maradi ke kula da shi, wanda aka kafa a 2001, can ake tsara yadda abin ke tafiya. Sirrinsa nasa ne, ko matarka kada ta ji sai da izininsa.

Gargaɗi: yaro ko yarinyar da ke hannun iyaye, ko almajirin da kake ba abinci, ba a koya musu addu'o'inmu a ɓoye, ba a kai su coci ba da sanin iyaye ko malaminsu ba. Wanda kuma yake cin taimakonka, taimakon ya ci gaba daidai yadda yake ko ya zo ko bai zo ba, kuma ka faɗa masa haka da baki.

9. Ranar da gari ya yi zafi

Za a kira ka arne, yawanci yara ne. Kada ka bi yaro da gudu. In abin ya yawaita, je wa ubansa ko mai unguwa cikin natsuwa. A nan ne gaisuwar mataki na biyu ke biyan kuɗinta.

Waɗanda suke nan ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 ba sa bukatar a tuna musu. Zanga-zanga kan zanen wata jaridar Faransa ta rikiɗe, aka ƙona coci-coci a garin nan har da namu, washegari abin ya kai Yamai, Kiristoci da dama suka kwana a barikin soja. A ranar kuma akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu. Ƙofofin da suka buɗe ran nan, ƙofofi ne da aka daɗe ana gaisawa a bakinsu.

Don haka ka shirya tun ana zaman lafiya. Lambar mai unguwa, ta firist da ta maƙwabta biyu da ka amince da su su kasance a wayarka da ta matarka. Takardun haihuwa da na baftisma su zauna a jaka guda. Yara su san gidan da za su shiga in ba ka nan. Idan labari ya fara yawo, dawo gida da wuri, kada ka tura wa kowa bidiyo ko saƙon murya da ba ka san asalinsa ba, kada ka mayar da martani a intanet ko da an zagi abin da ka fi ƙauna. Idan ƙura ta lafa, washegari da safe ka share ƙofar gidanka, ka cika randa, ka fara gaisuwa daga gidan da ke hannun dama kamar kullum.